Tsoron Jirgin Sama: Tambayoyin da Maniyyata da Matafiyan Kebbi Suka Fi Yi

Duk shekara idan tashin alhazai ya matso, gidanmu a Birnin Kebbi ba ya rabuwa da baƙi. 'Yan'uwa daga Argungu da Jega da Bunza, wasu har daga Yawuri, sukan sauka wurinmu kafin a kira su sansanin alhazai. Da rana hirar guzuri ake yi, da ta jaka da kuɗin hadaya. Sai bayan isha'i, idan jama'a ta ragu, wani dattijo zai jawo ni gefe ya rage murya ya ce, "Ɗana, wai wanga jirgi, ƙaƙa mutum ka ji in ya tashi?" Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana ratsa Kogin Neja a kwale-kwale, amma zancen jirgin sama ya hana shi barci, kuma kunya ta hana shi tambaya a gaban mutane. Aiki yana yawan kai ni Abuja ta sama, na kuma raka mahaifiyata aikin hajji, don haka na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Jin tsoron jirgi alamar raunin imani ne?

A'a. Na fara da wannan ne domin ita ce take toshe bakin mutane. Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Ɗaha cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa lokacin da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu da sandunansu. Tsoro halitta ce. Ɗan Adam a ƙasa ya saba tafiya, to ranar da aka ɗaga shi sama da gajimare a cikin ƙarfe, dole jikinsa ya yi magana. Kuma tawakkali bai hana neman sani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Sanin abin da za ka ji da abin da za ka gani a cikin jirgi yana daga cikin ɗaurin raƙumar. Mafi yawan firgicin da na gani da idona daga ƙara ko motsi yake tasowa, wanda ba a taɓa gaya wa mutum cewa zai zo ba.

Ana cewa jirgi ya fi mota aminci. To mu da muka san abin da ya faru a 1991 da 2006 fa?

Ba zan ce wa mutumin wannan yanki ya manta ba. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 261 da ke ciki duk suka rasu. Ranar 29 ga Oktoban 2006 wani jirgin ya faɗi bayan ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Akwai gidaje a ƙasar nan da har yau ake ambaton waɗannan ranaku da hawaye. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da nake so a sani shi ne, duka biyun an bincika an gano musabbabi. Na Jidda, tayoyi ne da iskarsu ba ta cika ba suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka kuma naɗe su cikin jirgin da wutar. Na Abuja, wata muguwar iska ce ta hadari mai sauya alƙibla farat ɗaya ta riske su suna ƙasa-ƙasa, matuƙan kuma ba su fita daga cikinta yadda ya kamata ba. A harkar jirgin sama haka ake yi, kowane haɗari ana bin diddiginsa, abin da aka koya ya shiga horon matuƙa da dokokin duba jirgi. Jiragen yanzu suna da na'urar da take gargaɗin matuƙi kan irin wannan iskar, kuma ana mayar da matuƙa horo a kai a kai a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, inda ake jefa su cikin matsala da gangan a ga yadda za su fita.

Sannan ka duba ɗaya ɓangaren. Daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ta Jega da Yawuri da Kwantagora wuni guda ne cur a mota, ga ramuka, ga manyan motoci, ga direban da bai yi barci ba, ga fargabar hanya da kowa ya sani. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ƙirga dubban rayukan da ake rasawa a hanyoyin mota duk shekara. Wannan tafiyar a jirgi kamar awa ɗaya ce. Haɗarin jirgi yana tsaya mana a rai ne saboda ba kasafai yake faruwa ba, idan kuma ya faru duniya duka sai ta ji.

Me zan ji daga lokacin da aka rufe ƙofa zuwa lokacin da jirgi ya daidaita a sama?

Nan ne ya fi wa sabon matafiyi wuya, don haka bari in bi shi daki-daki.

Da farko wata mota ce za ta tura jirgin baya, ko kuma ya juya da kansa. Fitilu na iya ƙyaftawa, iskar sanyi ta ɗan tsaya lokacin da ake tayar da injuna. Wani lokaci har ka ji ɗan warin mai. Daga nan zai yi ta tafiya a hankali kamar motar da ke neman wurin tsayawa, kana jin tayoyinsa suna bin gaɓoɓin titi. Idan kana kusa da fiffike za ka ji ƙugi, ka ga bayan fiffiken yana zazzagowa. Faɗinsa ake ƙarawa don ya ɗauki iska da kyau.

Sai ya tsaya a bakin titin tashi. Injuna su ɗauki ruri, ka ji an manna bayanka da kujera. Zai yi gudu na kamar rabin minti ko fiye kaɗan, gudun da ya kai wajen kilomita 250 a awa, sannan hancinsa ya ɗaga. Daƙiƙu kaɗan bayan haka za ka ji "gum" a ƙarƙashin ƙafarka.

Ranar da muka tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a daidai wannan ƙarar Inna ta damƙe hannuna har zoben azurfarta ya yi mini shaida a yatsa. Carbinta ya faɗi kan cinyarta. Ta ce, "Wanga abu lahiya?" Na ce, "Inna, tayoyi ne aka naɗe, kamar yadda tantabara take naɗe ƙafafunta in ta tashi." Ta yi shiru, ta ɗauki carbin ta ci gaba da ja. Na riga na gaya mata abu na gaba tun a gida, shi ya sa da ya zo ba ta firgita ba: kamar minti ɗaya ko biyu da tashi, matuƙi yana rage wa injuna ƙarfi, domin ƙarfin da ake buƙata wajen barin ƙasa ya fi na ci gaba da hawa. Rurin zai ragu, cikinka ya ba ka kamar jirgin yana nitsewa. Hawa yake yi, jikinka ne kawai ya ji sauyin. Sannan zai karkata gefe ɗaya don ya kama hanya, ta taga ɗaya ka ga gonaki da fadama, ta ɗayar ka ga sama zalla. Za ka kuma riƙa jin ƙaramar ƙararrawa. Alama ce tsakanin matuƙa da ma'aikata, ko wani fasinja ne ya danna maɓallin kira.

Daga nan jirgin zai kai tsayin ƙafa 30,000 zuwa 40,000, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa, amma kai a ciki za ka ga kamar a ɗaki kake zaune.

Idan jirgi ya fara jijjiga a sama fa? An ce ramuka yake faɗawa.

Babu rami a sama. Iska kamar ruwa take, tana da igiya. Wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa a Yawuri ya san inda ruwa biyu suka haɗu dole a ji rawa. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa da rana, da gajimaren damina, da haɗuwar iskoki masu gudu daban-daban, su ne suke kawo gargada. Matuƙa suna da na'urar hango hadari tun daga nesa, suna kewaye shi, suna kuma jin rahoto daga jiragen da suka riga su wucewa. An ƙera jirgi ya jure abin da ya fi wanda fasinja yake ji nesa ba kusa ba. Idan ka leƙa ka ga bakin fiffike yana lanƙwasa sama da ƙasa, haka aka yi shi, kamar reshen ɗanyen icce da iska ba ta karya shi.

Wanda gargada take ji wa rauni kusan kullum shi ne wanda bai ɗaura bel ba, ko yake tsaye. Saboda haka ka bar bel ɗinka a ɗaure muddin kana zaune, ko da an kashe alamarsa, ka sa shi ƙasa-ƙasa a kan ƙugu. Idan jijjigar ta zo kada ka sandare, ka saki jiki ya bi motsin, kamar yadda kake yi a bayan babur kan hanyar ƙauye. Ka kalli kofin ruwan da ke gabanka. Sau da yawa jijjigar da ka ɗauka ta kai intaha ko ruwan ba ta zubar ba.

Idan inji ya mutu, ko tsawa ta faɗa wa jirgi, ko wani ya buɗe ƙofa?

Jirgi mai inji biyu yana iya ci gaba da tafiya ya sauka da inji ɗaya, kuma ba a ba shi izinin ɗaukar fasinja sai an tabbatar da haka. Matuƙa aƙalla biyu ne a gaba, kowannensu zai iya saukar da jirgin. Tsawa tana samun jirage, wutar ta bi ta jikin jirgin daga waje ta fita, a duba shi bayan ya sauka. Ƙofa kuwa ba mai iya buɗe ta a can sama, domin iskar da aka matse a ciki ta danne ta da ƙarfin da ya wuce na hannun mutum.

Bayanin da ma'aikata suke yi kafin tashi, na rigar ruwa da robar shaƙar iska, doka ce a kowace tafiya. Ba wani abu suka hango ba. Ka saurara, ka duba ƙofar fita mafi kusa da kai. Idan robar ta sauko, ka fara sa taka kafin ta yaro.

Mun wuni a filin jirgi, an ce hazo ya hana tashi. Wannan ba alamar matsala ba ce?

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana rufe arewa, wani lokaci har matuƙi ba zai iya hango titi daga nisan da doka ta gindaya ba. Da damina kuma hadari ne. Na san zafin zaman jira, musamman ga tsofaffi a sansanin alhazai da aka ce su fito tun asuba. Amma duk lokacin da aka ce an ɗage tashi saboda yanayi ko saboda injiniyoyi suna duba wani abu, ni hankalina kwanciya yake yi, domin wani ne ya ƙi yin ganganci da rayukanmu. Ka riƙe abin taɓawa da maganinka da abin shimfiɗa a jakar hannu saboda irin wannan ranar.

Me ya sa kunne yake toshewa, wani lokaci har da ciwo?

Akwai iska a bayan dodon kunne, da wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa wurin da maƙogwaro. Idan jirgi yana hawa ko sauka, nauyin iskar cikinsa yana sauyawa, ita kuma ta kunne sai wannan hanyar ta buɗe kafin ta daidaita. An fi jin abin wajen sauka, kamar rabin awa kafin a taɓa ƙasa. Haɗiyar yawu tana buɗe hanyar, haka hamma, haka taunar cingam ko tsotsar alawa ko kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya ƙi, ka toshe hanci da yatsu, ka rufe baki, ka hura a hankali har ka ji kunnen ya buɗe. A hankali nake cewa, kada ka yi da ƙarfi. Kada kuma ka bari sauka ta same ka kana barci, domin mai barci ba ya yawan haɗiyar yawu.

Mai mura ya fi kowa shan wuya, saboda hanyar ta kumbura. Idan mura ta kama ka ana gobe tafiya, ka ga likita ko ma'aikatan lafiyar alhazai su ba ka abin da zai buɗe hancin. Idan kwana biyu suka wuce bayan sauka kunne bai saki ba, ko yana fitar da ruwa, a je asibiti.

Me zan ci kafin tafiya? Ina da saurin tashin zuciya ko a mota.

Kada ka shiga da yunwa, kada kuma ka cika ciki. Iskar da ke cikin hanji tana kumbura idan jirgi ya yi sama, don haka wake da alala da lemon kwalba mai gas ba abokan wannan ranar ba ne. Ɗan kunu ko shayi da burodi, ko 'yar shinkafa ba mai yawa ba, sun isa. Goro da kofi suna ƙara bugun zuciya, mai fargaba ya rage su. Citta tana taimaka wa wasu wajen tashin zuciya. Akwai kuma maganin amai na tafiya da ake sha kafin a shiga, amma yana sa barci, a tambayi likita tukuna. A aljihun kujerar da ke gabanka akwai 'yar jakar amai. Ka duba ta tun kafin a tashi, ka buɗe bututun iskar da ke saman kanka ya riƙa hura maka fuska, ka jingina kai, ka bar kallon waya.

Ban ɗakin jirgi fa? Gara in ƙi shan ruwa har mu sauka?

Wannan ita ce dabarar da iyayenmu mata suka fi yi, kuma tana damuna ƙwarai. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu. Tafiya daga nan zuwa Jidda ko Madina wajen awa biyar ce, ban da zaman jira kafin a shiga da layin jami'an shige da fice bayan an sauka. Tsohuwar da ta ƙi ruwa tun safe za ta isa ƙasa mai zafi da ciwon kai da jiri, tun ba a fara ibada ba.

Ban ɗakin ba shi da wuya. Ka tura ƙofa ta naɗe, ka shiga, ka ja sakata, fitila za ta ƙara haske. Idan ka gama ka rufe murfin ka danna maɓallin. Zai yi wata ƙara mai ƙarfi kamar ana zuƙe abu, da iska yake aiki, ba abin da zai same ka. Akwai famfo ƙarami da takarda. Za ka iya shiga da 'yar gorar ruwa don tsarki, amma kada a jiƙa ƙasa, domin babu magudana, kuma na bayanka zai iya zamewa. Alwala an fi so a yi ta a filin jirgi kafin shiga. Wanda yake rakiyar tsoho ya kai shi har bakin ƙofa ya nuna masa komai da hannu, ya tsaya ya jira shi. Da na yi wa Inna haka sau ɗaya, ita ce ta koma tana nuna wa matan da ke layinsu.

Ƙafafuna suna kumbura idan na daɗe a zaune.

Dogon zama yana sa jini ya taru a ƙafa, kuma a tafiyar da ta wuce awa huɗu yakan iya daskarewa a jijiya ga wasu, musamman masu ƙiba, da masu juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda abin ya taɓa samu. Ka riƙa juya idon sawu, kana ɗaga dunduniya da yatsu, ka tashi ka taka idan an kashe alamar bel. Sa takalmi mai sakewa. Idan bayan tafiya ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, asibiti za a nufa nan take.

Ina da hawan jini. Ƙanwata tana da sikila, matar ɗana kuma tana da ciki. Za mu iya shiga?

Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan tudu mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, wato sama da tudun Jos. Mai lafiya ba ya jin bambanci. Mai hawan jini ko ciwon suga da yake shan maganinsa yadda aka ce, yawanci yana tafiya lafiya. Mai sikila, da mai ciwon zuciya ko huhu, da wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko tiyata ba da daɗewa ba, dole su ga likitansu kafin a sayi tikiti. Ga mai sikila, yawan shan ruwa da rigar sanyi wajibi ne, don cikin jirgi yana yin sanyi. Mai ciki, yawancin kamfanoni suna ɗaukarta har zuwa mako 36 idan cikin ɗa ɗaya ne kuma lafiya lau, sukan kuma nemi takardar likita daga mako 28. Hajji kuwa yana da nasa sharuɗɗan na lafiya, a bi abin da hukumar alhazai ta ce.

Magani kullum a jakar hannu yake zama, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Babbar jaka tana iya makara ko ta bi wani jirgin. Wanda tafiya take wa wuya ya nemi keken marasa lafiya tun wurin awon kaya, ba abin kunya ba ne.

In sha maganin barci in huta da fargabar?

Kada ka sha abin da likita bai rubuta maka ba, kada kuma ka gwada sabon magani a karon farko a cikin jirgi. Mai nauyin barci ba ya motsa ƙafa, ba ya shan ruwa, ba ya jin umarni idan an ba da shi. Ƙwayoyi irin su tiramol kuwa suna iya jefa mutum cikin babbar masifa a Saudiyya, inda hukuncin miyagun ƙwayoyi yake da tsanani matuƙa. Goro ma hukumar alhazai tana gargaɗi duk shekara kada a tafi da shi. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙullin yaji ne, idan ba a gabanka aka ɗaure shi ba.

Idan tsoron ya taso mini a tsakiyar tafiya, zuciya na bugawa, numfashi na sama-sama?

Yana faruwa, har ga waɗanda suka saba. Hannu ya yi sanyi, gumi ya karyo, yatsu su yi tsiriri, mutum ya ji kamar ƙarshensa ne ya zo. Saurin numfashi ne yake kawo yawancin wannan, kuma yakan lafa da kansa cikin mintuna. Ka dafa cikinka, ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta ta baki a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan ne maganin yake. Carbi yana taimakawa sosai, tasbihi ɗaya a kowace fitar numfashi. Ka kafa tafin ƙafarka a ƙasa, ka sassauta kafaɗa da muƙamuƙi.

Sannan ka yi magana. Gaya wa na kusa da kai, ko ka danna maɓalli ka kira ma'aikaciyar jirgi. Sun saba da wannan, an horar da su a kai. Na fi son mutum ya faɗa musu tun yana shiga cewa yau ne karonsa na farko. Ka riƙa kallon fuskokinsu kuma. Matar da take tura keken abinci tana raba shayi, ta yi wannan hanyar sau ɗaruruwa.

Idan akwai ciwon ƙirji mai danna, ko hannu ko fuska ta saki, wannan ba a jira ya wuce, a kira ma'aikata nan da nan. A jirgin alhazai galibi akwai ma'aikatan lafiya a cikin tawaga. Wanda kuma tsoron ya kai shi ga fasa tafiye-tafiyen da suka zame masa dole, ya nemi likitan da ya san matsalolin damuwa, domin abu ne da ake magancewa.

Wace kujera ce ta fi?

Saitin fiffike ko gaba da shi ya fi ƙarancin jijjiga, can baya ya fi rawa. Mai yawan fitsari da mai jin ƙunci a matsattsen wuri su nemi bakin hanya. Mai tashin zuciya ya nemi taga. Ana roƙa ne wurin karɓar katin shiga jirgi.

Yara fa?

Jariri a ba shi nono lokacin tashi da lokacin sauka, tsotson yana buɗe masa kunne. Idan ya yi kuka a bar uwar ta ji da shi ba tare da harara ba, kukan ma yana taimakon kunnen. Wanda ya yi wayo a ba shi alawa, a gaya masa ƙarar da zai ji kafin ta zo. Yaro fuskar babba yake karantawa.

Addu'a da salla a cikin jirgi?

Addu'ar hawa abin hawa tana cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da 14: "Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin, wa inna ila Rabbina lamunƙalibun." Ya kuma tabbata daga Jabir ɗan Abdullahi cewa sahabbai idan suna hawa tudu kabbara suke yi, idan suna gangarowa su yi tasbihi. Ni da wannan nake cika bakina a mintunan farko da na ƙarshe, waɗanda su ne suka fi nauyi a zuciya. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, da yadda ake salla a zaune idan lokaci zai fita, da inda za a ɗaura harami idan Jidda jirgin ya nufa kai tsaye, a tambayi malaman bita tun ana gida. Wanda aka fara kai wa Madina sai zai fita zuwa Makka yake ɗaura harami a Zul Hulaifa.

Saukar ta fi tashi ban tsoro?

Ta fi tsawo dai. Injuna za su yi laushi, ka ji kamar ana zamewa gaba. Fiffike zai sake ƙugi, wasu allunan su miƙe a kansa jirgin ya ɗan yi rawa, tayoyi su fito da ƙara da hucin iska. Idan dare ne za a rage fitilu, a ce a ɗaga murfin taga, don ido ya saba da hasken waje. Taɓa ƙasa wani lokaci da laushi, wani lokaci da ɗan duka, musamman idan titi a jiƙe yake, inda matuƙi yake dasa tayoyin da gangan don su kama. Nan take injuna za su yi ruri mai ƙarfi, jikinka ya yi gaba. Birki ne.

Wani lokaci jirgi yana dab da ƙasa sai ka ji ya ƙara wuta ya koma sama. Ya taɓa faruwa da ni a Abuja da damina, salati ya cika jirgin, wani bawan Allah a gefena ya riƙe kujerar gabansa da hannu biyu. Bayan 'yan mintuna matuƙi ya yi magana, ya ce iska ce ta sauya a bakin titi, za mu kewayo. Muka kewayo muka sauka lafiya. Abu ne da suke koyo tun a makaranta, kuma duk matuƙin da bai gamsu da yadda saukar take tafiya ba, abin da ake so ya yi ke nan.

Idan an tsaya kada ka yi zumbur ka miƙe. Jira a kashe alamar bel, ka buɗe ma'ajiyar kaya ta sama a hankali don jakunkuna sun motsa. Tsoho ya ɗan zauna jiri ya sake shi kafin ya taka matakala. Duba fasfo da waya da magani da tabarau a aljihun kujera. Idan Saudiyya ka sauka, agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ka gyara naka kafin ka lissafa lokacin salla da na shan magani, sannan ka kira gida, don tun da jirgin ya bar Ambursa suke zaune kusa da waya.